Maigida da Yaron Shago: Darasi Daga Wani Fim na Masu Harkar Tufafi

 

Batun da zan yi magana a kansa yau zai ba wasu mamaki, domin wani fim ne na Turawa, wanda aka shirya a kan masu harkar tufafi da kwalliya. Na san wani zai ce a ransa, me ya haɗa kifi da kaska? To, duk wanda ya zaga kasuwar Tsiga ko ta Bakori, ko ya bi layin teloli a Funtuwa da Malumfashi, zai tarar da shagunan ɗinki cike da 'ya'yanmu. Yaron da ya gama firamare ko sakandare bai sami halin wucewa gaba ba, abu na farko da yakan faɗo wa mahaifinsa shi ne ya kai shi wurin tela. Haka kuma 'yan mata da yawa suna koyon ɗinki a hannun mata teloli cikin gidaje. Irin zaman da ake yi tsakanin maigida da yaronsa, da tsakanin yaro da ɗan'uwansa yaro, shi ne zai sa ɗanka ya fito da sana'a a hannunsa ko ya fito da baƙin ciki a zuciyarsa. Wannan zama shi ne fim ɗin ya baje a faifai, shi ya sa na ga ya dace mu dube shi tare.

Asalin Fim Ɗin

Sunan fim ɗin The Devil Wears Prada, wato kamar a ce shaiɗaniyar da ke sanye da kayan Prada. Prada kamfani ne na ƙasar Italiya da ya yi suna wajen tufafi da jakunkuna masu tsada, shaiɗaniyar kuwa laƙabi ne na wata uwar ɗaki mai tsananin hali. An fitar da fim ɗin a Amurka a shekarar 2006, David Frankel ne ya ba da umarni, kuma an ɗauko labarin daga littafin da Lauren Weisberger ta wallafa a 2003. Ita marubuciyar ta taɓa zama mataimakiyar Anna Wintour, wadda ta riƙe editar mujallar Vogue ta Amurka daga 1988 zuwa 2025, don haka mutane da yawa suka ɗauka cewa abin da ta gani da idonta ne ta mayar labari. Fim ɗin ya samo kuɗi fiye da dala miliyan 300 a gidajen sinima na duniya.

Ga labarin a taƙaice. Wata yarinya mai suna Andi, wadda Anne Hathaway ta fito a matsayinta, ta gama jami'a tana burin zama 'yar jarida. Sai ta sami aiki a birnin Niyu Yok a matsayin ƙaramar mataimakiyar Miranda, editar wata babbar mujallar tufafi da a cikin fim aka sa wa suna Runway. Meryl Streep ce ta fito a matsayin Miranda. An gaya wa Andi cewa duk wanda ya jure shekara guda a ƙarƙashin wannan mata, babu gidan jaridar da zai rufe masa ƙofa. A ofishin akwai Emili, babbar mataimakiya da ta riga Andi zuwa, da kuma Naijal, ƙwararren ma'aikaci da ya daɗe yana bauta wa mujallar. A waje kuma akwai Net, saurayin Andi, mai sana'ar girki, da sauran ƙawaye da abokanta.

Kafin in ci gaba, bari in yi wa iyaye bayani. Akwai abubuwa na sutura da na zamantakewa a cikin wannan fim da suka saɓa wa tarbiyyarmu, kuma ban tsaya nan don in tallata su ba. Halayen mutanen da yadda suka zauna da juna kaɗai na ɗauko, domin halin ɗan Adam a wurin neman abinci iri ɗaya ne, ko a Niyu Yok ko a Tsiga.

Gwanar da Ba Ta da Daɗin Baki

Miranda ta san aikinta, babu mai musun wannan. In ta dubi riga ta ɗan taɓe baki, mai rigar yakan koma ya sake zanensa daga farko. Amma fa zama da ita sai mai haƙuri. Kullum da safe takan jefa jakarta da rigar sanyinta a kan teburin Andi ba tare da ko kallonta ba. Ta daɗe ba ta kiranta da sunanta, sai dai ta kira ta da sunan Emili, kamar duk yaran aiki ɗaya suke a wurinta. Wata rana guguwa ta hana jirage tashi daga birnin Miyami, ta ce lalle sai Andi ta samo mata jirgin da zai dawo da ita gida a daren, da abin ya gagara ta ɗora mata laifi. Wata rana kuma ta ce a samo wa 'ya'yanta tagwaye littafin Harry Potter wanda ba a ma buga shi ba tukuna.

Jama'a, ashe ba mu san irin wannan maigida ba? Akwai telan da kowa ya yarda hannunsa na da kyau, wanda in ya yanka kaftani sai ka ce a jikinka aka halicce shi, amma yaransa ba su taɓa jin ya ce musu sannu ba. Yaro zai shekara biyu a shago, aikinsa shara da guga da sayo gawayi, da kai 'ya'yan maigida makaranta, da damina kuma a tura shi noma gonar maigida. Babu laifi yaro ya yi wa maigidansa hidima, da haka aka san koyon sana'a a ƙasar Hausa tun kaka da kakanni. Laifin shi ne hidimar ta cinye koyon. A kwalejin horon malamai an koya mana cewa yaron da ke cikin fargaba ba ya fahimtar darasi, haddacewa kawai yake yi don ya kuɓuta daga bulala, kuma shekarun da na yi a aji sun tabbatar mini da haka. Yaron da hannunsa ke rawa don tsoron tsawa, yaya zai riƙe almakashi a kan shaddar mutane?

Raina Sana'a

Sai dai fim ɗin bai bar Andi ba tare da nata laifin ba, kuma a nan ne nake son samarinmu su buɗe kunne. Ta shiga aikin tana ganin ta fi ƙarfinsa. A ganinta ita mai ilimi ce, su kuwa waɗannan mutane ɓata lokaci suke yi a kan tsumma. Rannan ana tsaka da zaɓen ɗamarar da za ta dace da wata riga, aka ɗaga guda biyu masu kama da juna ana muhawara, sai Andi ta yi dariya. Miranda ta juyo ta dubi wata shuɗiyar rigar sanyi mai araha da Andi ke sanye da ita, ta warware mata tarihin wannan launi: yadda manyan masu zana tufafi suka fara fito da shi, ya bi manyan kantuna, ya gangaro har ya iso kwandon kayan rangwame inda ita ta tsinta. Ta nuna mata cewa rigar da take ganin ta saya ne don ba ruwanta da yayi, mutanen da take yi wa dariya ne suka zaɓa mata ita, kuma dubban mutane sun ci abinci a kan hanyar da launin ya biyo. Hausawa na cewa kowa ya raina tsayuwar wata, ya hau ya gyara.

Mu mutanen wannan yanki mun fi kowa cancantar fahimtar wannan magana, domin a gonakinmu tufafi ke farawa. Tun kafin zuwan Turawa kakanninmu mata suke kaɗi da mazari, masaƙa suna saƙa, marina suna rini da baba, ana ɗinka riguna masu aska biyu da aska takwas. Da Turawa suka zo, kamfaninsu na auduga, BCGA, wanda aka kafa a Ingila a 1902, ya girka injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi, kuma layin dogo na Zariya zuwa Ƙauran Namoda da aka kammala a 1929 ya ratsa Funtuwa yana kwasar audugarmu. An buɗe masaƙar Kaduna a 1957, ta Funtuwa kuma aka kafa ta a 1978. Dattawan da ke nan sun tuna lokacin da fulotin auduga ke cika maƙil da kaka, da kuɗinta ake aure, da ita ake biyan haraji. Da yawancin masaƙun Kaduna suka rufe a shekarun 2000, har manomin Tsiga sai da ya ji a jikinsa. Saboda haka yaron da ya riƙe takardar sakandare yana ganin zama a kan keken ɗinki ƙasƙanci ne, bai san tarihin gidansu ba. Wanda ya shiga sana'a yana raina ta, ko shekara goma ya yi ba zai iya ta ba.

Babban Yaron Shago

Mutumin da ya fi burge ni a fim ɗin shi ne Naijal. Da wuya ta ishi Andi, wurinsa ta je tana kuka tana cewa ba a ganin ƙoƙarinta. Bai lallashe ta da ƙarya ba. Ya gaya mata gaskiya cewa ƙorafi take yi, ba ta fara ƙoƙari ba tukuna, domin har yanzu ba ta ɗauki aikin da daraja ba. Bayan ya faɗa mata wannan mai ɗaci, sai ya kama hannunta ya nuna mata yadda ake shiga da yadda ake tafiyar da al'amuran gidan. Daga ranar ta fara gane kan aiki. In an lura, abin da Andi ta koya a wannan ofis, yawancinsa a hannun Naijal ta koya.

Haka abin yake a shagunanmu. Maigida yana can wurin sayen yadi ko karɓar awo, babban yaron shago ne ke nuna wa sabon zuwa yadda ake zura zare, da sa maɓalli, da haɗa aljihu, da ɗora wuyan riga. Shi ne ke rufe shago, shi ne ke kwana a kan keke daren sallah.

To, ku ji yadda aka saka wa Naijal. Bayan shekara 18 yana aiki, sai ya sami damar zama babba a wani sabon kamfanin tufafi, kuma Miranda ce ta ba da sunansa. Yana cikin murna, ashe masu mujallar suna shirin tsige Miranda su ɗora wata mata daga Faransa. Da Miranda ta gano haka, sai ta juya ta miƙa wa waccan matar gurbin da aka yi wa Naijal alkawari, don ta kawar da ita daga hanya ta tsira da kujerarta. A gaban taron jama'a a birnin Faris ya ji an ambaci sunan wata a maimakon nasa. Ya haɗiye, ya ce yana fatan wata rana za ta saka masa.

Wannan wuri ya kamata ya taɓa zuciyar kowane maigida. Sau nawa muka ga yaron da ya yi shekara bakwai ko takwas a shago, ana ta yi masa alkawarin keke da yaye, in an ce bayan ƙaramar sallah sai a ce bayan babba? Sau nawa maigida ke ɓoye sirrin yanka, ya bari sai yara sun tashi sannan ya shimfiɗa yadi ya ɗauki alli, don kada yaro ya iya ya buɗe nasa shago? Kowa ya san yanka ita ce zuciyar ɗinki. Wanda aka hana shi yanka an mayar da shi lebura ne kawai, ko da kuwa ana kiransa ɗan gida.

Abokan Koyo

Sai zaman Andi da Emili. Emili ta karɓi Andi da raini da gatse, domin tana ganin ba ta dace da wurin ba. Babban burinta a duniya shi ne ta raka Miranda bikin nunin tufafi na birnin Faris, har ta yi makonni tana ƙuntata wa kanta abinci don wannan tafiya. A wata liyafa mura ta kama ta, ta manta sunan wani babban baƙo, Andi ta yi maza ta raɗa wa Miranda sunan. Daga nan Miranda ta yanke cewa da Andi za ta tafi, kuma ta ce Andi da bakinta za ta gaya wa Emili, in ta ƙi kuwa ta san makomar aikinta. Andi ta karɓa. A gadon asibiti, bayan mota ta buge Emili, ta je ta faɗa mata.

Andi ta yi ta gaya wa kanta cewa ba ta da zaɓi. Amma da ta ga abin da aka yi wa Naijal ta ce wa Miranda ita ba za ta taɓa iya yin haka ba, sai Miranda ta tuna mata cewa ai ta riga ta yi, ga Emili nan. A nan ne idon yarinyar ya buɗe, ta gane cewa sannu a hankali tana zama irin matar da take tsoro. Wannan shi ne babban haɗarin mugun maigida: tare da sana'a yake koyar da halinsa. Yaron da aka yi wa tsawa shekara biyar, ranar da ya sami nasa yaro tsawa zai yi masa. Yaron da ya ga maigida yana yi wa mai kaya alkawarin Laraba alhali ya san sai bayan sallah, shi ma haka zai yi. Ku samari da ke shago ɗaya, ku sani cewa wanda kuke kai gulmarsa wurin maigida yau, ko kuke janye masa mai kawo ɗinki, shi ne maƙwabcin shagonku gobe, wanda za ku aro wa zare in naku ya ƙare da tsakar dare.

Na Gida

Fim ɗin ya kuma nuna abin da aiki ke yi wa na gida. Wayar Andi ba ta hutawa, ko tana cin abinci da mahaifinta da ya zo daga nesa, in Miranda ta kira dole ta tashi. Ta kasa halartar bikin ranar haihuwar Net, ƙawayenta suka ce ta canja, har suka yi nisa da juna. Ita kanta Miranda, da duk iko da dukiyarta, an nuna ta a ɗakin otal a Faris, fuska ba kwalliya, ido ya yi ja, tana gaya wa Andi cewa mijinta ya nemi su rabu, tana jimamin abin da jaridu za su rubuta 'ya'yanta su karanta.

A nan ma akwai gyara ta ɓangare biyu. Na gida su yi wa mai koyo uzuri, domin kowa ya ci zomo ya ci gudu, kuma kowa ya san goman ƙarshe na azumi ba lokacin barcin tela ba ne. Amma maigida ya tuna cewa yaron nan yana da iyaye, wani yana zuwa makarantar dare, wani ma yana da iyali. Mu iyaye kuma mu daina kai yaro shago mu juya baya kamar mun sauke kaya. Uban da ke leƙa shago lokaci lokaci, ya gaisa da maigida, ya tambayi inda ɗansa ya kai, ba a cika wulaƙanta ɗansa ba.

Rabuwa

Daga ƙarshe Andi ta bar aikin. Ta fita daga mota a tsakiyar Faris, da wayar ta yi ƙara ta jefa ta cikin ruwa. Ban yaba wannan salon tafiya ba, domin a al'adarmu wanda ya koya maka ko da zura allura ne, ba ka barinsa ba sallama. Amma ku dubi abin da ya biyo baya. Da ta je neman aiki a wata jarida, editan ya gaya mata cewa Miranda ta aiko masa da saƙo, ta ce Andi ta ba ta kunya fiye da duk mataimakan da ta taɓa yi, amma in bai ɗauke ta ba shi wawa ne. Duk da zafin halinta, ba ta toshe wa yarinyar hanyar abinci ba. Ita kuma Andi ta kira Emili ta ba ta tufafin da ta samo a Faris, don ta ɗan share mata hawaye.

A ganina a nan ake auna maigida. Yawan ɗinkin da ya yi zai tsufa ya yage, amma yaran da ya yaye suna nan suna ci da iyalinsu, kuma duk inda aka yaba hannunsu sunansa za a ambata.

Kammalawa

Ina da roƙo ga teloli da sauran masu sana'a na wannan gari, maza da mata. Ranar da aka kawo muku yaro, a zauna da mahaifinsa da shaidu a faɗi shekarun da zai yi, da abin da zai koya a kowace shekara, da lokacin da za a sa masa almakashi a hannu, da ranar yaye. In an rubuta a takarda ya fi, domin magana zarar bunu ce. Manyan teloli na gari su zama masu shiga tsakani in saɓani ya taso, kada a bari sai yaro ya gudu Kaduna ko Abuja da fushi. Masu hali daga cikin 'yan'uwanmu da ke zaune a birane, in za ku taimaka, keken ɗinki ɗaya ga yaron da aka yaye ya fi buhun shinkafar da za a cinye cikin wata guda.

Ku kuma yara, ku riƙe sana'arku da daraja, ku yi haƙuri da gyara ko da ya zo da ɗaci, ku bambanta tsananin da ke koyarwa da wulaƙancin da ba ya ƙara komai. In zama ya ƙi, ku gaya wa iyayenku a raba ku cikin mutunci.

Masu shirya finafinan Hausa a Kano, waɗanda suka faro da Turmin Danya a 1990, su ma ina yi musu tuni. Labarin soyayya da na kishiyoyi an yi su da yawa. Ga shagon tela nan a daren sallah, da maigida da yaransa da masu kaya tsaye a ƙofa, labarin da ke cikinsa ya isa fim guda, kuma kowane Bahaushe zai gane kansa a ciki.

 Allah ya sa wa sana'o'inmu albarka, ya shirya mana zuriya, ya ba garinmu da ƙasarmu zaman lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.